Kafin Kifi Ya Shiga: Tarihin Jiran da Ake Yi wa Sabon Tankin Ruwan Teku

Wanda ya shiga kantin kifayen ado na teku a Landan ko Tokiyo ko Jakarta da niyyar komawa gida da tanki da kifi a rana ɗaya, in ya dace da mai kanti mai amana, tankin kaɗai za a sayar masa. Za a haɗa masa da buhun gishiri da yashi da duwatsu da injin juya ruwa, sannan a ce ya dawo bayan makonni huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci fitila na ci, inji na aiki, ruwa garau kamar a sha, amma babu kifi ko ɗaya a ciki. Masu wannan sha'awa suna kiran lokacin da sunan kammala zagayen naitirojin. Wanda ya ƙi jira yakan ga sakamakon cikin mako ɗaya ko biyu: kifayen da ya kashe kuɗi masu yawa a kansu su fara haki a saman ruwa, su daina cin abinci, su mutu ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan da ido bai ga aibinsa ba.

An san amfanin wannan jira tun kafin a san dalilinsa. Tsakanin ranar da wata mata ta fara riƙe murjani mai rai a ɗakinta a Landan da ranar da aka ware halittar da ke yin babban kaso na aikin a cikin teku, an yi kusan shekara 160. Amsar kuma ba daga wajen masu kiwon kifi ta fara fitowa ba. Ta fito ne daga binciken ruwan dattin birnin Faris da na ƙasar noma a Ingila.

Gubar da ba a gani

Kifi yana cin abinci mai furotin, jikinsa ya sarrafa shi, ragowar naitirojin ɗin ta fita a matsayin amoniya. Mafi yawanta tana fita ne ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, kai tsaye cikin ruwan da yake shaƙa. A teku wannan ba matsala ba ce, domin yawan ruwan ya isa ya salwantar da ita. A akwatin gilashi mai lita ɗari kuwa, babu inda za ta je. Ragowar abinci da duk wani abin da ya mutu ya ruɓe suna ƙara mata yawa.

Amoniya tana zama cikin ruwa da fuska biyu, ɗaya mai tsananin guba, ɗaya mai sauƙi, kuma ma'aunin tsami na pH ne ke raba musu kaso. Duk lokacin da ma'aunin ya hau da maki ɗaya, kason mai gubar yakan ninka kusan sau goma. Ruwan teku yana kan maki 8 da ɗan ɗoriya, alhali ruwan daɗi da yawa yana kusa da 7. Saboda haka adadin amoniyar da kifin kogi zai iya jurewa yakan iya hallaka kifin teku. Ga shi kuma kifayen da ke zaune a tsakanin murjani sun saba da ruwan da kusan ba ya canjawa, don haka juriyarsu ga sauyi kaɗan ce.

Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ke manne a jikin dutse da tsakuwa da gilashi. Rukuni na farko yana mayar da amoniya naitirait, na biyu ya mayar da naitirait naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ko kusa da ta amoniya ba. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan halittu. Jiran makonnin nan lokaci ne da ake ba su su hayayyafa. Mutanen da suka ƙirƙiro tankin kifi na zamani ba su san ko ɗaya daga cikin wannan bayani ba.

Murjani a Westminster

Tun a 1832 wata Bafaransa mai nazarin halittu, Jeanne Villepreux-Power, da ke zaune a Messina ta tsibirin Sisili, ta ƙera akwatunan gilashi da keji don lura da wata dabbar teku mai suna agonot. Da su ta tabbatar da cewa dabbar ce ke ƙera ƙwaryarta da kanta. Sai dai ita tana bakin teku ne, sabon ruwa yana kusa da hannunta.

Gwajin da ya fi wuya ya zo a 1846, lokacin da Anna Thynne, matar wani babban limamin cocin Westminster, ta ɗauko murjani masu rai daga garin Torquay da ke gaɓar kudancin Ingila ta kai su gidanta a Landan. Da farko takan sa a yi mata odar ruwan teku a kai a kai. Da ta ga wahalar hakan, sai ta koma sa mai aikinta tana juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga kowace rana, don iska ta shige shi. Daga baya ta ƙara duwatsu masu ciyawar teku a jikinsu. Murjanin sun rayu shekaru, har suka hayayyafa. Idan aka dubi abin da ta yi da ilimin yau, za a ga ta haɗa abubuwa biyun da ake bukata: iskar oksijin mai yawa, da duwatsun teku masu ɗauke da ƙwayoyin da ke cin amoniya.

Wanda ya ba al'amarin bayani na kimiyya shi ne Robert Warington, masanin haɗa sinadarai kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan a 1841. A 1850 ya gabatar wa ƙungiyar da rahoton wani gwaji: ya sa ƙananan kifayen zinariya biyu a tulun gilashi mai cin galan 12, tare da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria. Da tsofaffin ganyen suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya ƙara 'yan katantanwa suka cinye ruɓaɓɓen. Ruwan ya washe, ya daɗe ba a canja shi ba. Bayanin Warington shi ne daidaito: kifi yana fitar da iskar kabon, tsiro ya karɓa ya mayar da oksijin, katantanwa ta share datti. Bayan 'yan shekaru ya maimaita gwajin da ruwan teku.

Bayanin yana da kyau a ido, kuma ya dace da tunanin zamanin, wanda ke ganin kowace halitta da gurbin da aka ajiye mata. Rabinsa gaskiya ne, domin tsirrai suna shan wani kaso na amoniya. Amma ya mayar da hankalin kowa kan iska, ya bar naitirojin a gefe.

Yayin da ya tashi, ya faɗi

Abubuwa uku suka haɗu suka mayar da gwajin masana abin yayi. A 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin gilashi, farashinsa ya sauka. Jirgin ƙasa ya kusantar da mutanen birni da bakin teku. Sannan a watan Mayun 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe Gidan Kifi, wurin farko da jama'a suka iya kallon halittun ruwa ta bayan gilashi. Philip Henry Gosse, wanda ya taimaka wajen samar wa gidan dabbobi daga gaɓar teku, ya wallafa littafinsa The Aquarium a 1854, kuma ta hannunsa kalmar akwariyom ta zauna a bakin jama'a. A wannan shekarar ya fitar da tsarin haɗa ruwan teku a gida da gishiri iri huɗu, saboda mutanen da ke nesa da gaɓa.

Shawarar da littattafan zamanin ke bayarwa ita ce a fara sa duwatsu masu ciyawar teku, a bar su su zauna na wani lokaci, kafin a kawo dabbobi. A fahimtarsu, ana jira ne ciyawar ta kama ta fara ba da iska. Shawarar ta yi amfani, ko da yake dalilin da aka jingina ta da shi bai cika ba: a kwanakin jiran, ƙwayoyin da suka zo a jikin duwatsun ne ke bazuwa cikin tankin.

Mafi yawan masu saye ba su jira ba. Sun cika tankuna da duk abin da suka tsinto a hutun bakin teku, suka ajiye su a taga inda rana ke duka. Ruwa ya yi kore, dabbobi suka mutu, falo ya ɗauki wari. Kafin shekarun 1860 su yi nisa yayin ya lafa, tankuna da yawa suka koma wurin shuka furanni. Gaɓar ma ta ji jiki. Edmund Gosse, ɗan Philip, ya koka a littafinsa Father and Son na 1907 kan yadda masu tsince-tsince suka wawashe kududdufan duwatsun gaɓar da mahaifinsa ya sa mutane suka so.

Mutum ɗaya ya ɗauki darasi daga wannan asara. William Alford Lloyd ya fara ne a matsayin ma'aikacin kantin littattafai, ya buɗe shagon sayar da kayan akwariyom a Landan a tsakiyar shekarun 1850, ya ga yadda tsarin daidaito ke ba abokan cinikinsa kunya. Ya koma ga wata dabara: a riƙa juya ruwan ba dare ba rana, a kuma ajiye mafi yawansa a babban rumbu mai duhu a ƙarƙashin ƙasa. Ya yi aiki da ita a akwariyom ɗin Hamburg da aka buɗe a 1864, sannan a na Crystal Palace da ke Landan a 1871, inda injin tururi ke tura ruwa, rumbun kuma ya ninka tankunan kallo sau da yawa. Ruwa guda aka yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Lloyd ya danganta nasarar da iska da duhu, wanda ke hana gansakuka yaɗuwa. Abin da ya gina a zahiri shi ne makekiyar matattarar bakteriya, domin bangon rumbun da bututun duk sun zama mazauninsu, kuma halittu ne masu son duhu da ruwa mai gudu. Anton Dohrn ya nemi shawararsa wajen tsara akwariyom ɗin cibiyar nazarin halittun teku ta Naples, wanda aka buɗe a 1874 kuma yana aiki har yau.

Kwana ashirin a Faris

Tun da daɗewa masu haɗa albarushi a Turai suka san cewa idan aka tara taki da fitsari da ƙasa da toka aka bar su watanni, naitiret zai fito a ciki. Mafi yawan masana sun ɗauka iska ce kawai ke yin wannan aiki, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. Louis Pasteur ya yi hasashe a 1862 cewa ƙwayoyin halitta ne, amma bai gwada ba.

A 1877 wasu Faransawa biyu, Théophile Schloesing da Achille Müntz, suna nazarin yadda ƙasa ke tsarkake ruwan dattin Faris da ake kwararawa a gonakin bayan gari. Suka cika dogon bututun gilashi da yashi da garin farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan datti ta sama a hankali, suna auna abin da ke fita ta ƙasa. Kwana ashirin amoniya tana fita yadda ta shiga. Daga nan naitiret ya fara bayyana, ba da jimawa ba amoniyar ta ɓace ɗungum. Jinkirin ne ya tsaya musu a rai. Da aikin iska da yashi ne kawai, da ya fara tun ranar farko. Abin da ke bukatar kwana ashirin kafin ya kankama, alama ce ta abu mai rai da ke hayayyafa. Suka busa tururin kulorofom cikin bututun, aikin ya tsaya cak. Suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, aikin ya dawo.

Wannan bututu shi ne hoton farko na abin da ke faruwa a kowane sabon tanki, har da maganinsa: ɗan abu daga wurin da ya riga ya nuna yana tayar da sabon wuri.

Wanda ya ɗauki binciken daga nan shi ne Robert Warington ƙarami, ɗan mai tulun kifayen zinariya, wanda ke aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Ya shafe fiye da shekara goma yana nazarin al'amarin, ya nuna cewa mataki biyu ne, kowanne da masu yinsa, naitirait kuma shi ne zango na tsakiya. Ɗan ya cike giɓin da ke cikin bayanin uban. Abin da ya gagare shi shi ne ware halittun su kaɗai. Duk lokacin da ya shuka su a kan abincin da aka saba kiwon bakteriya da shi, wasu ƙwayoyin daban ne ke tsirowa su rufe su.

Sergei Winogradsky, haifaffen birnin Kiev da ke aiki a Zurich, ya warware matsalar a 1890 da 1891. Ya gane cewa waɗannan halittu ba sa bukatar abincin da sauran ke ci. Ƙarfinsu daga ƙona amoniya ko naitirait yake fitowa, jikinsu kuma da iskar kabon suke gina shi, kamar tsiro, amma ba tare da hasken rana ba. Ya shuka su a kan daskararren sinadarin silika wanda babu abinci a cikinsa sai gishirin ma'adinai. Ya sa wa masu aikin farko suna Nitrosomonas, masu na biyu Nitrobacter.

Bincikensa ya kuma bayyana dalilin jinkirin. Ƙarfin da ake samu daga amoniya kaɗan ne, don haka girman halittun yana da nawa. Bakteriyar hanji ta E. coli tana iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan ta sami abinci, wato ƙwaya ɗaya ta haura miliyan cikin ƙasa da awa bakwai. Masu cin amoniya kuwa sukan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci yini da kwana, kafin su rabu sau ɗaya. Idan sau ɗaya suke rabuwa a rana, a rana ta goma ƙwaya ɗaya ta zama dubu da 'yan kai, sai a rana ta ashirin za ta kai miliyan. Rukuni na biyu kuma ba zai fara yawaita ba sai na farko ya samar masa da naitirait. Jira biyu ne a jere, shi ya sa lissafin ke kaiwa makonni.

Daga ɗakin bincike zuwa falo

Ilimin ya daɗe a hannun masana noma da injiniyoyin tace ruwan datti kafin ya iso ga masu kiwon kifi a gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka sauya. Jiragen sama suka fara kai kifayen murjani masu rai daga Filifin da Indunusiya da Sri Lanka zuwa Turai da Amurka, a cikin ledoji masu oksijin. A shekarun 1960 aka fara haɗa tankuna da gam ɗin silikon, aka huta da firam ɗin ƙarfe da gishiri ke cinyewa, kuma ingantaccen gishirin teku na kanti, irin su Instant Ocean, ya shigo kasuwa. Matatar ƙarƙashin tsakuwa, wadda ke jawo ruwa ta cikin shimfiɗar tsakuwar tanki, ta zama ruwan dare. A tsarinta, bututun Schloesing ne aka kwantar a gindin akwati.

A Japan, Kazutsugu Hirayama ya yi lissafin yawan kifin da shimfiɗar yashi za ta iya ɗauka a shekarun 1960. A 1970 Stephen Spotte na Amurka ya wallafa Fish and Invertebrate Culture, littafin da ya kai bayanin tacewa ta bakteriya ga masu kula da tankuna. Daga lokacin mutuwar kifi a makonnin farko ta sami sunan da aka san ta da shi, wato ciwon sabon tanki. Kayan awo ma suka shiga kantuna cikin ƙananan kwalabe, waɗanda asalinsu gwaje-gwajen ƙarni na 19 ne: na Julius Nessler na gano amoniya, na 1856, da na Peter Griess na gano naitirait.

Dabarar da ta yaɗu a lokacin tana da muni. Tunda bakteriya na bukatar amoniya, sai a sayi ƙananan kifaye masu arha da taurin rai, galibi irin da ake kira damsel, a jefa su cikin sabon tanki su samar da ita da jikinsu. Wasu su mutu, wasu su rayu da raunin gaɓoɓin numfashi. Waɗanda suka tsira kuma sukan mallake tankin, su riƙa korar duk kifin da aka kawo daga baya. Kusan dukkansu daga teku aka kamo su, a wasu yankunan ma da gubar sayanaid, wadda ke sumar da kifi ta kuma kashe murjanin da ya ɓuya a ciki.

Wata hanyar ta fito daga Jakarta. A 1961 Lee Chin Eng ya bayyana a mujallar Tropical Fish Hobbyist yadda yake riƙe kifi da murjani ba tare da matata ba, sai ruwan teku da kumfar iska da hasken rana da duwatsun da aka ciro daga teku da duk abin da ke jikinsu. Da yawa a Yamma sun yi shakkar maganarsa, waɗanda suka kwaikwaya kuma suka kasa, domin dutsen da ya yi kwanaki a hanya yakan iso da matattun halittu masu ruɓewa. A shekarun 1970 masu sha'awa a Jamus suka haɗa dabararsa da na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa da fitila mai ƙarfi, tsarin da aka sani da sunan birnin Berlin. Dutse mai rai, kamar yadda ake kiransa, yana da ƙarin fa'ida: a can cikin ramukansa inda oksijin ba ya isa, wasu bakteriya suna mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Bukatarsa ta yi yawa har aka riƙa farfasa gaɓar teku don samunsa. Jihar Florida ta hana cirarsa a ruwanta a 1989, haramcin ya kai ga ruwan tarayya da ke kewaye da ita a 1997. Yau da yawa suna amfani da busasshen dutse ko wanda aka noma a teku. Masu tanki suna da al'adar jiƙa dutse makonni cikin ruwan gishiri a duhu don ya tsarkaka, kuma dafa dutse suke ce mata, abin da zai tuna wa Bahaushe karin maganar mai haƙuri da romon da yake sha.

Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara yaɗa dabarar da ta fi kowacce sauƙi: a ɗiga amoniya ta kwalba, ko a jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe. Bakteriya ba ruwansu da inda amoniyar ta fito.

Sunayen da aka gyara

Shekara ɗari littattafai suna maimaita sunaye biyun da Winogradsky ya raɗa. A 1996 Timothy Hovanec da Edward DeLong suka binciki matatun tankunan kifi ta hanyar duba ƙwayoyin gado, ba su sami Nitrobacter ba. Binciken da ya biyo baya a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi wata bakteriya ce daban, Nitrospira, ke cin naitirait. Nitrobacter ta yi suna ne saboda tana bunƙasa a kwalbar ɗakin bincike inda abinci ya yi yawa. A tankin kifi, inda naitirait ɗin kaɗan ne, mai iya rayuwa da ɗan abu ce ke rinjaye.

A 2005 wani abin mamakin ya fito daga akwariyom ɗin birnin Seattle. Martin Könneke da David Stahl da abokan aikinsu suka ɗebi tsakuwa daga wani tankin kifayen teku masu son ɗumi, suka ware wata halitta mai cin amoniya wadda ba bakteriya ba ce. Tana cikin rukunin akiya, wani babban reshe na rayuwa da Carl Woese ya bambance a 1977. Suka kira ta Nitrosopumilus maritimus. Tana iya rayuwa da amoniyar da ta yi ƙaranci ƙwarai, danginta kuma suna cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. Tun 1992 aka san akwai su a teku ta alamun gadonsu, ba a san abin da suke ci ba sai da tsakuwar tankin kifi ta ba da amsa. A 2015 wasu ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Vienna ɗaya a Nijmegen ta ƙasar Holan, suka ba da rahoton nau'in Nitrospira da ke yin matakan biyu ita kaɗai, daga amoniya har naitiret. Ta Nijmegen daga matatar wani wurin kiwon kifi aka samo ta.

Abin da jiran yake nufi a yau

Duk da sauyin sunaye, aikin mai sabon tanki bai canja sosai ba. Zai haɗa ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, da ruwan da babu kulorin a ciki, domin kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe halittun da ake son su yaɗu. Zai sa yashi da dutse, ya kunna injin juya ruwa, ya riƙe ɗumi a wajen digiri 25. Zai ɗiga amoniya har ta kai miligiram ɗaya zuwa biyu a lita, sannan ya riƙa awo duk bayan kwana biyu ko uku. Amoniya za ta tsaya, ta fara sauka, naitirait ya hau, shi ma ya sauka, naitiret ya taru. Alamar kammalawa ita ce a sake ɗiga amoniya a ga ita da naitirait duk sun koma sifili cikin awa 24. Daga nan a canja wani kaso na ruwan don rage naitiret, a kawo kifi ɗaya ko biyu, a bar makonni kafin a ƙara, saboda yawan bakteriyar daidai yake da abincin da suka saba samu. Ana iya rage kwanakin da ɗan dutse ko soson matata daga tsohon tanki mai lafiya, kamar yadda ake sa ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara, ko da bakteriyar kwalba. Ko da an yi haka, awo ne ke yanke hukunci.

Mai kiwon tarwaɗa a tankin roba ko na siminti a Kano ko Kaduna yana fama da wannan amoniyar, ko da bai taɓa ganin murjani ba. Ita ce take sa shi zubar da ruwa ya sake tara sabo a kai a kai, ita ce kuma take sa kifi ya daina ci idan aka yi jinkiri. Tarwaɗa tana da juriya, tana kuma iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take yafe kurakuran da kifin murjani ba zai tsira daga gare su ba. Gonakin da suka koma tsarin sake juya ruwa ta matata don rage kuɗin famfo da man janareto suna cin karo da jinkirin da Schloesing da Müntz suka auna a 1877: sabuwar matata tana bukatar makonninta kafin a ɗora mata cikakken nauyin kifi, kuma wanke ta da ruwa mai kulorin ko barin injin a kashe tsawon awoyi yana iya mayar da ita ranar farko.